Yadda ake haɗa taswirar ambaliya da kundin rahoton gaggawa a ƙaramar hukuma

A farkon kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina, daga baya kuma hukumar nazarin ruwa ta ƙasa, wato NIHSA, ta fitar da nata hasashen na ambaliya, wanda ke lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ruwa zai iya yi wa ɓarna. Hasashen yana da amfani, amma ba zai gaya wa kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukuma ta wace unguwa ruwa ke fara shiga ba, ko wace kwalbati ce ke karyewa ta raba ƙauyuka da asibiti, ko makarantar da aka saba kai mutane ita ma tana cikin kwari. Wannan sani yana wurin mazauna garin, kuma aikinka shi ne ka tattara shi ka ɗora shi a kan taswirar da kowa zai iya karantawa. Zan yi misali da kwarin Hadejia a Jigawa, wato irin su Ringim, Miga, Auyo, Kafin Hausa, Hadejia da Guri, inda ruwan da ke fitowa daga madatsun Tiga da Challawa a jihar Kano yake haɗuwa da ruwan sama, ga kuma ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa. Ambaliyar 2022, wadda ta halaka mutum fiye da 600 a Najeriya ta kuma raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, ta yi wa wannan yanki mummunar ɓarna. Matakan nan za su yi aiki a duk garin da ke bakin kogi.

Kayan aiki

Kana bukatar kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 8 ko fiye, da wayoyin Android uku ko huɗu masu GPS, da batirin ajiya ko ƙaramar sola don caji, da filashi biyu na ajiye kwafin aiki. Manhajojin duka kyauta ne: QGIS a kwamfuta don zana taswira, asusu a shafin KoboToolbox don tsara fom, da KoboCollect a wayoyi don cike fom ɗin ko da babu sabis. Idan za ka sauke QGIS, ka ɗauki bugun da aka yi wa alamar LTR, domin shi ne mai ɗorewa wanda ba ya yawan canzawa. Ka tanadi tef na awo ko sanda mai tsawon mita biyu da aka yi wa layi-layi, da gwangwanin jan fenti, da babban littafi mai bango mai ƙarfi, da manyan takardu da alƙaluman zane.

Game da ma'aikata, mutum ɗaya ne zai riƙe kwamfutar, ya kuma sami mataimakin da ya san duk abin da ya sani. Masu fita ƙauyuka su kasance 'yan yankin, kuma lallai a cikinsu a sami mace, domin akwai gidajen da namiji ba zai shiga ba.

1. Fara da mutane tun da rani

Lokacin wannan aiki shi ne daga Fabrairu zuwa Mayu, sa'ad da hanyoyi ke biyuwa kuma tabon ruwan bara bai gushe daga jikin katanga ba. Ka fara da sanar da shugaban ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, a rubuce, sannan ka kai gaisuwa wurin hakimi ka nemi ya haɗa ka da dagatai, bulamai da masu unguwanni. A nan za ka faɗi abu ɗaya ƙarara, ka kuma maimaita shi a kowane gari: wannan ba rajistar rabon kayan agaji ba ce. Idan mutane suka ɗauka sunaye ake rubutawa don rabon shinkafa, kowane gida zai zama wanda ruwa ya cinye, kuma taswirarka ta lalace tun kafin a zana ta.

Kafin ka buɗe kwamfuta, kwamiti ya zauna ya rubuta tambayoyin da yake son taswirar ta amsa. Huɗu sun isa a shekarar farko: ina ruwa ke shiga, mutum nawa ke wurin, ina za a kai su, kuma ta wace hanya.

2. Kafa aikin a QGIS

Ka buɗe jaka ɗaya (folda) a kwamfuta ka sa mata sunan ƙaramar hukumar, kuma duk abin da ya shafi aikin ya zauna a cikinta. Fayil ɗin aikin QGIS ba ya ɗauke da bayanan a cikinsa, hanyar da zai bi ya same su kawai yake tunawa, saboda haka wanda ya kwafi fayil ɗin shi kaɗai zuwa wata kwamfuta zai tarar da taswira wayam. Kullum jakar gaba ɗaya ake kwafa.

Daga nan sai tsarin awon wuri. GPS yana ba da lambobi da digiri, a tsarin da QGIS ke kira EPSG:4326, amma ba a auna nisa ko faɗin fili da digiri. Ka saita aikin a kan tsarin UTM mai awo da mita, ka kuma juya bayanan da za ka yi awo a kansu zuwa wannan tsarin. Kano, Jigawa, Katsina, Kaduna da Bauchi suna yanki na 32, wato EPSG:32632. Birnin Sakkwato da Birnin Kebbi suna yanki na 31, Maiduguri da Yola kuma na 33. Wanda ya tsallake wannan mataki zai nemi manhaja ta zana masa tazarar mita 500 daga bakin kogi, ta zana masa da'irar da ta rufe duniya, domin ta ɗauka digiri 500 yake nufi.

Bayanan tushe kuwa ba sai ka ƙirƙire su ba. A shafin GRID3 akwai iyakokin mazaɓu, matsugunai, asibitoci, makarantu da ƙiyasin yawan jama'a na Najeriya. Hanyoyi, gadoji da koguna suna cikin OpenStreetMap, taswirar intanet ta kyauta, kuma QuickOSM, ƙarin manhaja da ake sa wa QGIS, yana jawo su kai tsaye cikin QGIS. Hoton tauraron ɗan'adam da za ka shimfiɗa a ƙasa ana samunsa ta QuickMapServices. Kowane rukunin bayani shimfiɗa ɗaya ce, ana jera su wata kan wata. Ka adana kowace shimfiɗa a fayil ɗin GeoPackage, domin shimfiɗar wucin gadi tana ɓacewa da zarar an rufe manhajar. Idan intanet ɗin ofis ba shi da ƙarfi, ka tafi babban birnin jiha ka sauke komai a yini ɗaya, ka yanke iya yankinka, sauran aikin ba ya bukatar sabis.

3. Tsara fom ɗin fita ƙauyuka

A KoboToolbox ka tsara fom gajere da Hausa. Ya ƙunshi mazaɓa, sunan gari ko unguwa, nau'in wurin da ake rubutawa, lambobin GPS, hoto, tsawon tabon ruwa da santimita, shekarar da ruwan ya kai wurin, da yawan kwanakin da ya yi kafin ya janye. Nau'in wuri ya zama zaɓi ne ba rubutu ba: tabon ruwa, mashigar ruwa, jinga, kwalbati, gada, mashigin fito, makaranta, asibiti, rijiyar burtsatse, rumbunan hatsi, ruga, tudun da za a iya fakewa. Haka ma sunayen mazaɓu da garuruwa, a jera su a zaɓa. Idan aka bar kowa ya rubuta da hannunsa, gari ɗaya zai fito da rubutu iri huɗu, kuma manhaja za ta ƙirga shi gari huɗu.

Ka gwada fom ɗin a harabar sakatariya kafin kowa ya hau babur. Ka koya wa masu cikewa su tsaya a fili, ba ƙarƙashin rufin kwano ko inuwar babbar bishiya ba, su jira har kuskuren GPS ya sauko zuwa mita 5 ko ƙasa da haka.

4. Zaman gari da bin sawun ruwa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne daraja, kuma shi ne aka fi yi wa gaggawa. A kowane gari ka shimfiɗa babbar takarda, ko hoton garin da ka bugo daga tauraron ɗan'adam, a ƙofar gidan dagaci, ka bar mutane su nuna da hannunsu. Ka tambayi dattawa inda ruwan 2012 ya tsaya, da na 2020, da na 2022, kuma wanne ya fi yawa. Ka tambayi masunta da masu fito ta inda ruwa ke ɓallewa idan kogi ya cika, domin sun san tsofaffin hanyoyin ruwa da suka bushe waɗanda ba sa bayyana a kowace taswira, kuma su ne ruwa ke komawa idan ya yi yawa. Ka tambayi manoman fadama kwana nawa ke tsakanin labarin cikar kogi a Wudil ko Ringim da isowar ruwan garinsu. Wannan amsar ita ce tsawon lokacin da kwamiti ke da shi na kwashe mutane, kuma babu manhajar da za ta ba ka ita.

Bayan zaman, a tashi a bi sawu da ƙafa. Duk inda aka nuna tabon ruwa a jikin masallaci, aji, turken lantarki ko kututturen bishiya, a auna tsawonsa daga ƙasa, a ɗauki hoto da sandar awo a jingine, a cike fom, sannan da izinin mai wurin a ja layi da jan fenti a rubuta shekarar. A bi jinga daga farko zuwa ƙarshe, a rubuta duk inda ta zaizaye, ko aka yanke ta don ban-ruwa, ko ɓeraye da gara suka huda ta. A rubuta kududdufai da magudanan da aka cike da shara ko aka yi gini a kansu, domin a cikin gari ambaliya sau da yawa daga nan take farawa tun kogi bai kawo ba.

Kura-kurai uku ne ke maimaituwa a nan. Na farko, bin bakin kwalta kawai, alhali ƙauyukan da ruwa ke yanke wa hanya suna can ciki. Na biyu, tambayar maza su kaɗai: mata ne suka san gidan da ke da mai tsohon ciki, da tsohuwar da ba ta iya tafiya, da rijiyar da ke gurɓacewa da fari. Na uku, mantawa da rugagen Fulani da bukkokin masunta, waɗanda ba su cikin jerin garuruwa na hukuma kuma wurinsu yana canzawa da lokaci. A tambayi ardo inda suke zama da damina, ba inda aka same su da rani ba.

Idan wayoyi sun kasa, a rubuta a littafi, a karanta lambobin wurin daga kowace manhajar taswira da ke waya, a shigar daga baya. Idan akwai garin da rashin tsaro ya hana zuwa, a gayyato wakilansa ranar kasuwa su nuna a kan hoton tauraron ɗan'adam, a kuma yi wa bayanin alamar cewa ba a taka wurin ba.

5. Zana yankunan haɗari

Ka sauke bayanan daga KoboToolbox a tsarin GeoJSON ka ja su cikin QGIS. Idan jadawali ka sauke, ka kula wajen shigarwa: X shi ne lambar gabas, Y shi ne lambar arewa. Hadejia tana kusan digiri 12 da rabi arewa, digiri 10 gabas, kuma idan aka juya su ɗigon ba ya faɗawa teku balle ka gane nan take, yana sauka ne wajen iyakar Adamawa da Borno. Saboda haka kullum ka duba ko ɗigogin sun hau kan garuruwan da aka ɗauke su.

Yanzu ka buɗe sabuwar shimfiɗa ka zana yankuna uku da hannunka, kana bin tabon ruwa da zanen mutanen gari. Ja shi ne inda ruwa ke shiga kusan duk shekara, ruwan goro inda ya kai a manyan shekaru irin 2012 da 2022, kore kuma tudun da ba a taɓa ganin ruwa ba. Kada ka wuce uku, domin taswira mai launi bakwai ba ta karantuwa a hasken tocila.

Abubuwa biyu za su taimaka maka ka gyara zanen, amma kowanne yana da iyaka. Bayanan tudu da kwari da aka auna daga sararin samaniya, na SRTM ko Copernicus, waɗanda ke ba da tsawon ƙasa a kowace tazarar mita 30, suna nuna inda ƙasa ta gangara, sai dai kuskurensu na tsawo yana iya kai wasu mitoci, alhali a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Hadejia rabin mita ne ke raba gidan da ya tsira da wanda ya rushe. Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-1, da ake samu kyauta a shafin Copernicus, na'urar rada ce ke ɗaukarsu, don haka gajimare ba ya tare su, kuma ruwa kwantacce yana fitowa baƙi. Ka nemi hotunan Satumba da Oktoba na 2022 ka gwada da na rani. Ka sani cewa ruwan da ke ƙarƙashin kacala ko shinkafa ko tsakanin gidaje ba ya fitowa baƙi, busasshen yashi kuma yakan yi duhu kamar ruwa, sannan tauraron yana wucewa ne bayan kwanaki, yana iya kuskure ranar da ruwa ya fi cika. A ra'ayina, duk inda hoton ya saɓa da tabon da aka auna a jikin bango, a bi bango. Haka nan ban yarda da saurin da wasu ke yi na zana tazara ɗaya a gefen kogi da umarnin Buffer su kira ta yankin haɗari ba, domin ruwa gangare yake bi, ba nisa ba.

6. Ƙirga jama'a, zaɓi mafaka da hanya

Ka ɗora ƙiyasin jama'a na GRID3 a kan yankunan, ka yi amfani da umarnin Zonal statistics ya tara maka adadin mutanen da ke cikin ja da ruwan goro, mazaɓa bayan mazaɓa. Ƙiyasi ne, kuma ƙidayar ƙasa ta ƙarshe tun 2006 aka yi ta, don haka ka gwada shi da lissafin gidaje na masu unguwanni da na ma'aikatan rigakafi. Da umarnin Select by location za ka fitar da jerin makarantu, asibitoci da rijiyoyin da suka faɗa cikin ja.

Mafaka dole ta kasance a kore, kuma a je a gan ta da ido. Ma'aunin Sphere da ƙungiyoyin agaji ke bi ya tanadi aƙalla lita 15 na ruwa ga kowane mutum a rana, da banɗaki ɗaya ga mutum 20, da murabba'in mita 3.5 na rufaffen wuri ga kowane mutum. Da wannan lissafi, ajin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 56 mutum 16 zai ɗauka, ka ga makarantar firamare ɗaya ba za ta riƙe gari ba. Rashin banɗaki da tsaftataccen ruwa shi ne ke kawo amai da gudawa bayan ambaliya. A tanadi wurin dabbobi kusa da mafakar, domin mutane da yawa ba za su tashi su bar shanu da awakinsu ba. Kowane gari a zana masa hanya biyu, a sa alama a kan duk kwalbatin da ruwa ya taɓa haurawa, a kuma rubuta inda kwale-kwale suke da adadin mutanen da kowanne ke ɗauka ba tare da an yi masa lodi ba.

7. Kundin rahoto na lokacin ambaliya

Taswira tana nuna abin da zai iya faruwa, kundin rahoto kuma yana riƙe abin da ke faruwa yanzu. Ka tsara fom na biyu a KoboToolbox: rana da lokaci, gari, lambobin GPS, abin da ya faru, adadin mutanen da abin ya shafa, abin da ake bukata, da matsayin mai ba da rahoton. Kowane rahoto ya sami lamba ɗaya da matsayi ɗaya daga cikin huɗu: sabo, an tabbatar, ana aiki, an rufe. A kuma rubuta sunan jami'in da aka ɗora wa alhakinsa, domin rahoton da ba shi da mai shi haka zai kwana.

Abin da ke rusa wannan tsari shi ne zauren WhatsApp. Rushewar jinga ɗaya mutum goma za su turo ta, wani ya haɗa da hoton wata shekara ko na wata jiha, kafin la'asar an ƙirga ɓarna goma an tura mota inda ba a bukatarta. A bar zauren don sanarwa, amma ƙa'ida ta zama cewa abin da bai shiga kundi ba kwamiti bai san da shi ba. Mai riƙe kundi ya duba ko akwai irin rahoton daga wuri ɗaya a 'yan awoyin nan, ya haɗe su, ya kira dagaci ko ma'aikacin asibitin garin ya tabbatar kafin ya sauya matsayi. Sau biyu a rana, safe da yamma, a sauke rahotannin a ɗora su kan taswira, a fitar da taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya a aika wa shugaban ƙaramar hukuma da SEMA, wadda ita ke isar da shi ga hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA.

Sabis yakan ɗauke daidai lokacin da ake bukatarsa. KoboCollect yana riƙe fom a waya har sabis ya dawo, amma rahoton ceton rai ba ya jira: a kira lambar ofis da aka ware, ko 112 a inda take aiki, mai karɓar kiran ya cike fom a madadin mai kira. Idan wuta da caji duka sun ƙare, a koma babban littafi mai layuka iri ɗaya da na fom. Ƙaramar hukumar da ke son jama'a su riƙa turo rahoto da kansu tana iya duba Ushahidi, manhajar da aka ƙirƙira a Kenya a 2008, sai dai ban ba da shawarar fara ta a shekarar farko ba, domin tana ƙara yawan rahoton da sai an tantance. Sunayen waɗanda abin ya shafa da lambobin wayarsu kuwa ba a sa su a taswira ko a zaure; dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan ofisoshin gwamnati ma, don haka su zauna a fayil dabam mai kalmar sirri.

8. Buga, gwada, sabunta

Ka buga babbar taswira ɗaya don ofis, da ƙarama ta kowace mazaɓa mai ɗauke da sunayen garuruwa da Hausa, alamar arewa, ma'aunin nisa, ranar da aka zana ta, da lambobin kiran gaggawa. A lulluɓe su da leda a kai wa dagatai, asibitoci, ofishin 'yan sanda da shugabannin masu fito. Kafin a raba, a mayar da ita garin a karanta ta a gaban waɗanda suka ba da bayanin, domin a nan ake gano sunan da aka rubuta ba daidai ba da unguwar da aka tsallake.

A watan Yuni kwamiti ya yi gwaji na rabin yini. Wani ya kira ya ce jinga ta ɓalle a gari kaza da ƙarfe biyu na dare, a ga minti nawa za a ɗauka kafin rahoton ya shiga kundi, a tabbatar da shi, a faɗi mafaka da hanya, a sami direba da mai kwale-kwale a waya. A maimaita gwajin da kwamfuta a kashe, kuma mataimaki ne zai jagoranta. Duk lambar wayar da ba ta shiga ba a sauya ta a ranar. Bayan ruwa ya janye a Nuwamba, a sake fita a auna sabon tabo, a gyara iyakokin ja da ruwan goro, a sa wa jakar shekarar, a kwafe ta a filashi biyu, ɗaya a ofis ɗaya a hannun SEMA.